Ma'aunin da Bai Iya Cewa "Ba Gajiya" Ba

Akwai wata mace mai suna Tabita, wadda take lura da shafin intanet na ikilisiyoyin gundumarsu. Ba ta manta ranar da ta fara ganin Irmiya ba. Ya zo gyaran babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ya same ta tana yi wa kwamfutar fifita da murfin kwali, gumi yana zubo mata.

Ya ce, "Sannu da aiki. Ina gajiya?"

Ta ce, "Ba gajiya."

Ya dube ta, ya dubi kwamfutar, ya yi dariya. "Ku biyun nan bakinku ɗaya. Ita dai zan koya mata faɗin gaskiya."

Sai ya yi wani ɗan ma'auni a gefen shafin, inda kowa zai gani. Yana nuna yawan mutanen da suka shigo, da nauyin da ke kan kwamfutar, da zafinta. In da sauƙi, kore. In nauyi ya kusa fin ƙarfinta, ja. Bayan shekara guda suka yi aure. Amma Tabita, ko ciwon kai yana sara ta, amsarta ɗaya ce, ba gajiya.

Ana nan, sai likitocin ido suka aiko cewa za su zo su duba tsofaffi, amma sai wanda aka rubuta sunansa a shafin kafin ƙarfe huɗu na yamma. Magatakardan ikilisiyoyi arba'in suka shigo shafin a lokaci ɗaya. Ma'aunin ya yi ja wur. In kwamfutar ta tsaya, tsofaffi da yawa za su rasa ganin likita.

Tabita ta ce, "Maigida, cire abin nan! Duk gunduma za ta ce na kasa."

Ya ce, "In na cire jan, nauyin zai sauka?"

Sai ta ja kujera, ta rubuta a ƙarƙashin ma'aunin da hannunta: "Kaya ya yi mana yawa. In kun ga ja, ku ɗan dakata."

Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara. Wata dattijuwa ce, magatakardar wani ƙauye a ƙetaren kogi.

"'Yata, mun ga ja. Ai da kin faɗa tun ɗazu! Mu na ƙetare mun yi magana, za mu jira na kan tudu su gama. Ga shi ma mun samu lokacin rera waƙa."

Haka suka riƙa shiga bi da bi, wannan yana kiran wancan. Jan ya sauka, kore ya dawo. Kafin ƙarfe uku da rabi an rubuta kowane suna, har da na wani tsoho da ya shekara shida bai ga fuskar jikokinsa ba. Tabita ta yi ta dariya har da hawaye.

Ga ma'anar misalin nan. Kwamfutar ita ce zuciyarka, shafin kuwa fuskar da kake nuna wa 'yan'uwa. Da yawa cikinmu mun shafa wa ma'auninmu kore, muna gaisawa a ƙofar ɗakin sujada da murmushi, a ciki kuwa mun kusa faɗuwa. Ubangiji ya riga ya san nauyinka, ba ka ɓoye masa kome ba. 'Yan'uwanka kaɗai ka ɓoye wa, su kuwa ya ba ka domin su taya ka. Ba za su rage kayan da ba su gani ba. Kai ma, in ɗan'uwa ya nuna maka jansa, kada ka yi masa dariya. Ka dakata masa, ka kira waɗansu.

Tabita kuwa, da suka kulle ofis suka kama hanyar gida, Irmiya ya ce mata, "Ina gajiya?"

Ta buɗe baki za ta ba da tsohuwar amsa, sai ta tsaya a tsakiyar hanya.

"Akwai gajiya, Maigida, sosai ma. Daga yau, duk ran da ka tambaye ni, zan faɗa maka gaskiya. Na yi alkawari. Yanzu karɓi jakar nan."