Wa Zai Sa wa Odessa Riga?

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku daga kudancin ƙasar Amurka, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A wani gari can aka naɗa Odessa Pruitt alƙaliya, baƙar fata ta farko da za ta hau wannan kujera. A al'adar kotun, ranar rantsuwa mutum ɗaya tak ke sa wa sabon alƙali baƙar riga, wato wanda ya fi kowa taimakonsa. Aka ba ta takarda ta rubuta suna. Matar da ta shekara goma sha biyu tana gabatar da ƙara ba in-ina, sai ga shi ta rasa sunan da za ta rubuta, don mutum uku ne a ranta.

Ta fari gwaggonta ce Corrine, mai wanki da guga, wadda ta raine ta. Ba ta iya karatu ba, amma wajen musu ba a kayar da ita. In ta kai wa alƙalai wanki, sai ta tsinto takardun shari'a da aka zubar, ta sa Odessa ta karanta mata tana guga. Da an gama sai ta ce, "Ban yarda ba, 'yar nan. Gamsar da ni." A bakin teburin gugan nan Odessa ta koyi kafa hujja.

Na biyu Whitlock ne, wani tsohon Bature magatakardan kotu, mai ɗaure fuska, ko gaisuwa ba ya amsawa. Da Odessa ta nemi aikin gabatar da ƙara, ya san in aka gane ko wace ce, kwandon shara za a jefa takardarta. Sai ya rubuta "O. Pruitt" kawai a gurbin sunanta. Ta zo ta ɗaya a jarrabawa. Ranar da ta shigo ofis manya suka ga mace, kuma baƙa, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Shi suka kora, bai kuwa taɓa yi mata gori ba.

Na uku Cleon ne, wani direba da ita kanta ta sa aka ɗaure kan gobarar da ba shi ya tayar ba. Bayan shekara biyu ta gano gaskiya, ta je kotu da ƙafarta ta tona kanta, aka sake shi. Da aka zo tantance ta don ba ta alƙalanci, maƙiya suka tono maganar, har kujera ta fara suɓucewa. Sai Cleon ya miƙe, ba wanda ya gayyace shi.

"Ta cuce ni, ban kuma manta ba," in ji shi. "Amma tun kakanninmu ake ɗaure mu bisa kuskure, ita kaɗai ta taɓa dawowa ta ce ta yi laifi. In ɗana zai tsaya gaban alƙali, gabanta nake so."

Da jin haka, aka amince da naɗin.

To jama'a, a cikin ukun nan, sunan wa ya kamata Odessa ta rubuta?