Tagar da Balkissa Ta Toshe

Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Maradi mai suna Maidaji, da ya zauna a Guangzhou ta ƙasar Chana tun baƙar fata ba su yi yawa a garin ba. Takalma da yadi yake saye yana turawa gida. Wajen son iyali kam ba a fi shi ba. Amma yana da hali guda: ya yarda babu ɗan Chana da ya isa ya yi masa wayo. Duk abin da mai kanti ya faɗa, a kunnensa dabarar ciniki ce.

A sanyin shekarar 1998 matarsa Balkissa ta yi haihuwar fari, aka sa wa yarinyar Aicha. Babu uwa kusa, babu tsakar gidan da za a girka tukunya a murhu, sai ɗaki biyu a hawa na huɗu a unguwar Sanyuanli. Duk da haka Balkissa ta ce wankan jego ba fashi, safe da yamma har arba'in, kamar yadda mahaifiyarta ta ja mata kunne a waya.

Kwana goma Maidaji yana fama da tukwane. Kafin ta biyu ta tafasa, ta farko ta huce. Da ya gaji, ya tafi sayen na'urar dumama ruwa mai aiki da gas.

Mai kantin wani dattijo ne da ake kira Liang. Ya nuna masa iri biyu: ɗaya mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje, ɗaya kuma ba bututu, ga ta da araha.

"Banɗakinka babba ne?" in ji dattijon, da guntun Turancinsa.

"Ƙarami ne."

"To ɗauki mai bututu. Waccan ba ta ƙaramin ɗaki ba ce."

Maidaji ya yi murmushin wanda ya gano lagon mutum. "Laoban," in ji shi, wato maigida da yaren Chana, "ni ma fa ɗan kasuwa ne. Ba ni mai arahar."

Da dattijon ya ga Turanci ya ƙare masa, sai ya jawo takarda ya yi zane. A sama banɗaki da taga a buɗe, mutum yana tsaye. A ƙasa taga a rufe, mutumin yana kwance. Ya ɗora yatsa a kan na kwancen, ya kalli Maidaji cikin ido.

"Tsohon nan ya iya talla," in ji Maidaji da Hausa. Ya ninke takardar ya cusa a aljihun rigar sanyi, ya manta da ita.

Ranar da aka kafa na'urar, Balkissa ta yi ta shi masa albarka. "Maigida, ruwan har tururi yake, kamar a gida!" Shi kuwa sai hura hanci yake. Kalma ɗaya bai faɗa mata ba game da taga.

Gidajen unguwar a manne suke, tagarka tana kallon tagar maƙwabci. Saboda sutura, Balkissa ta rataya zani a tagar banɗakin. Maƙwabciyarsu Hajiya Jumai, wata Bakanuwa da ke riƙe mata jaririyar lokacin wanka, ta leƙa ta ga iska tana kaɗa zanin.

"Ke 'yar nan, so kike sanyi ya shige ki? Mai jego ce fa ke. Rufe tagar nan, ki toshe ƙasan ƙofa."

Baiwar Allah, da zuciya ɗaya ta faɗa.

Washegari da safe, Maidaji ya fita kasuwa. Balkissa ta miƙa wa Hajiya yarinyar, ta rufe taga ruf, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ta kunna na'urar. Hajiya tana jijjiga Aicha tana jin zubar ruwa. Ruwa ya yi ta zuba. Ta kira, shiru. Ta buga ƙofa, shiru. Ta ruga ta kira mai gidan hayar. Kafin ya ɓalle ƙofar, hayaƙin na'urar marar launi marar wari ya riga ya gama aikinsa.

A asibiti Maidaji ya tarar da matarsa an lulluɓe ta. Wallahi mai taurin zuciya ma da ya ga yadda ya durƙushe sai ya yi hawaye.

Bayan an kai ta, ya dawo ya iske Hajiya Jumai rungume da Aicha, idanunta sun kumbura.

"Ni na kashe ta, Maidaji. Ni na ce ta toshe. Da akwai wanda ya gaya mana, ko mutum ɗaya..."

Ya sa hannu a aljihu zai ɗauko hankici, sai ya ji takarda. Ya warware ta. Ga taga a rufe, ga mutum a kwance.

Ya daɗe yana kallonta kafin ya miƙa wa Hajiya.

"Ba ke ba ce, Hajiya. An gaya mini."

Darasi: Ba kowane gargaɗi ne talla ba. Idan wanda ya san abu ya ja maka kunne, ka ajiye girman kai ka saurara, kuma ka isar wa iyalinka abin da ka ji. Kada a kunna na'urar gas a rufaffen wuri, kuma a zaɓi mai fitar da hayaƙi waje. Ku tura wa 'yan uwa, musamman gidan da ake jego. Allah Ya tsare mu.