Soson Mataccen Firij da Kajin Gwauruwa

Akwai wata gwauruwa a bayan kasuwa, ba ta da gona, ba ta da tumaki, kaji arba'in kawai gare ta a wani ɗaki mai rufin kwano. Da ƙwansu take ci. Da bazara ta shigo, kwanon ya ɗau zafi, kajin suka buɗe baki suna haki, suka daina ƙwai. A mako ɗaya shida suka mutu.

Maƙwabcinta kuwa mai gyaran firij ne. In firij ya mutu murus, yakan sayar da ƙarfen. Soson nan mai tauri da ke cikin jikin firij, wanda ke hana zafi shiga, sai ya tara shi a bakin kwata ya cinna masa wuta, unguwa ta yi ta tari.

Wata rana ta same shi da ashana a hannu, ta ce, "Malam Bulus, don Allah kar ka ƙone. Ba ni."

Ya yi dariya. "Maman Rifkatu, tuwo za ki tuƙa da shi?"

"Ai shi ya hana ƙanƙara narkewa shekara da shekaru. Kajina ne za su gagare shi?"

Ta kwashe, ta jera a jikin bangon ɗakin kajin daga ƙasa, don iya nan hannunta ya kai. Amma ta manta halin kaza: duk abin da ta gani sai ta kai masa baki. Suka yi ta tsinkar soson suna haɗiyewa. Washegari biyu suka mutu.

Ta tattaro sauran soson tana hawaye, ta zube a gabansa. "Gaskiyarka ce. Ƙone shi."

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya je ya leƙa ɗakin, ya ce, "Soson ba shi da laifi, Mama. Zafin daga sama yake, ke kuma kin sa shi a bakin kaji."

Ya kawo tsani, ya ɗaure soson a ƙarƙashin kwano da waya, ya rufe da tsofaffin buhuna. Ɗakin ya yi sanyi, kajin suka rayu, suka koma ƙwai. Tun daga ranar, masu kaji ke zuwa shagonsa neman soso.

Ga ma'anar misalin nan. Soson shi ne mutumin da muka ce an gama da shi: wadda ta faɗi jarrabawa, ko wanda kunya ta hana shi zuwa majami'a. Mukan jawo shi, mu ba shi aikin da ba nasa ba, ya kasa, sai mu ce, "Ai da ma mun faɗa." Ubangiji ba ya yar da mutum don ya kasa sau ɗaya. Wurinsa yake nema masa.

Ran Lahadi ku waiwaya bencin baya. Akwai wanda ke zaune can, ba ya magana. Ku tambaye shi me ya iya, ku kuma jira har ya amsa.