Yadda Gizo Ya Mallake Gadar Kimbalo

"To, ku matso kusa da wuta, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku."

"Ta iso, Kaka, muna jin ki."

Can gabas, bayan teku, a ƙasar da ake kira Papuwa, akwai wani ƙauye mai suna Kimbalo. A kan duwatsu yake, sama sosai, har gajimare kan wuce ta ƙofar ɗaki. Ba mota, ba jaki, ba keke. Duk inda mutum zai je da ƙafarsa zai je, kayansa cikin jakar raga rataye a goshi. Abincinsu dankali, safe da yamma. Dukiyarsu aladu, kamar yadda tamu shanu ne. Kai Tanko, daina yatsina fuska, kowace ƙasa da abin da take kiwo.

Hanyar fita garin guda ɗaya ce tak, wata gada a kan kwazazzabo mai zurfi, kogi yana ruri a ƙarƙashinsa. Da igiyar kurmi aka saƙa ta, irin mai nannaɗe bishiya. Al'adarsu kuwa, duk wanda zai haye sai ya zo da ɗanyar igiya ya ɗaura. Tsohuwa na ruɓewa, sabuwa na kamawa, shi ya sa tun zamanin kakanninsu gadar ba ta taɓa tsufa ba.

Ana nan, sai ga Gizo. Daga nan wajenmu aka koro shi saboda mugun hali, ya yi ta tafiya har ya faɗa Kimbalo, ciki ya manne da baya. Wata mata mai suna Yosina, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, ita ta ji tausayinsa ta gasa masa dankali. Ya ci, ya ƙoshi, ya karkace, idonsa na kan gada.

Da gari ya waye ya tafi wurin dattawa, ya durƙusa gaban babbansu, Baba Elimas.

"Baba, wa ke da gadar nan?"

"Duk wanda ya ɗaura mata igiya."

"Wanda ya fi kowa ɗaurawa fa?"

"Shi ya fi kowa rabo a cikinta."

"Madalla," in ji Gizo.

Kashegari da sassafe ya hau gada, ya yi gaba ya yi baya, ya yi gaba ya yi baya, har ya lulluɓe ta da zaren yanarsa tun daga wannan baki zuwa wancan. Sannan ya kira mutane.

"Ku duba! Kowannenku ɗai-ɗai yake ɗaurawa. Ni kuwa ga nawa nan, ba ya ƙirguwa. Gada ta zama tawa."

Yosina ta ce, "Haba Baba! Wannan zaren ko ɗan tsako ba zai ɗauka ba."

Baba Elimas ya ce, "Ke Yosina, maza na magana."

Gizo ya gyara murya. "Daga yau ba wanda zai ƙara ɗaura igiya. Mai hayewa ya ajiye min dankali ɗaya, gyara nawa ne. Na hutar da ku shiga kurmi, na hutar da ku ƙaya da matsattsaku."

Kun san abin da ya sa ya hana? Don duk wanda ya ɗaura ya sami rabo ke nan. Amma ragwayen nan, da suka ji kalmar hutu, sai suka hau gyaɗa kai. Manya da su, masu furfura, suka miƙa wa baƙon kwana biyu gadar da kakanninsu suka bar musu! Ni duk sanda na zo nan a tatsuniyar nan sai raina ya ɓaci.

Shekara ta zagayo, Gizo bai ɗaura ko tsinke ba. Ya yi ƙiba, ya tara dankali tsibi guda a bakin gada.

Ran nan tsohon Alade ya zo da igiya a baki. "Gizo, gadar nan tana kuka in an taka ta. Bari in ɗaura."

"Don gobe ka ce kana da rabo? Ajiye dankali ka wuce!" Ya fizge igiyar ya jefa kogi.

Sai ga Jiminar kurmi, wata tsuntsuwa ce ƙatuwa mai tsawon wuya, ba ta tashi sama. "Gizo, ƙafata ta zurma a tsakiya. Bari in ɗaura."

"Don gobe ki ce kina da rabo? Ajiye dankali ki wuce!" Ya fizge ya jefa kogi.

Ba a jima ba aka yi wani irin sanyi da raɓa ta daskare a kan ganye. Kafin rana ta ɗaga, gonakin Kimbalo sun yi baƙi ƙirin kamar an cinna musu wuta. Shi dankali ba ƙwaya ake shukawa ba, ɗanyen reshensa ake yanka a dasa. Ga shi ko reshe ɗaya bai tsira ba. In ba a samo iri ba, ba girbi, kuma ƙaramar 'yar Yosina, Mina, tun ba a je ko'ina ba ta fara ramewa.

Yosina ta ce za ta je garin yayanta, tafiyar kwana biyu a ƙetare, ta roƙo iri. Ta bar 'ya'yan wurin maƙwabciya, ta ɗauki jakarta da goran ruwa, ta tsaya ta yanko igiya mai kauri.

"Gizo, ni na ciyar da kai ranar da ka zo. Ba na neman rabo. Ka bar ni in ɗaura, don in sami abin takawa in na dawo."

"Haka kuke cewa dukanku. Ajiye dankali ki wuce!" Ya fizge ya jefa kogi.

Ta haye da kyar, gada na ƙara a ƙarƙashinta. Yayanta ya cika mata jaka da ɗanyen iri, ya ce, "Ki yi sauri, ƙanwata. Kwana huɗu yake yi a yanke, bayan nan sai ƙirare." Ta juyo, ba ta zauna ta huta ba, kwana biyu ta iso bakin kwazazzabo.

Gizo kuwa ya lura mutane sun fara kallon tsibin dankalinsa da idon yunwa. Maimakon ya raba, sai ya ƙulle shi duka a raga, ya jawo shi kan gada zai gudu da shi. A daidai lokacin Yosina ta ɗaga ƙafa za ta taka.

Ƙas! igiya ɗaya ta tsinke. Ƙas! ta biyu. A ta uku gada ta rabe biyu, dankali ya zube kogi, ruwa ya tafi da shi.

Ga Yosina a wancan baki da iri a goshi, ga mutanen gari a wannan baki, suna ganin juna, suna jin muryar juna. Inda take dutse ne zalla, ba ƙasar da za ta binne reshe, ba inuwa.

"Ku kawo igiya!" ta yi ihu. "Kwana biyu ya rage!"

Maza suka ruga kurmi. Ashe hanyar zuwa inda dogayen igiyoyi suke ta toshe, shekara guda ba wanda ya bi ta. Sai da suka yi kwana biyu suna sara kafin su dawo da igiya. Rana ta uku suka ɗaura siririya a kibiya suna harbawa, iska tana dawo musu da ita. Duk wannan lokacin Yosina ba ta sha ruwan goranta ba, yayyafa wa iri take yi, tana rufe shi da jikinta in rana ta take. Sai a rana ta huɗu igiya ta haye. Yosina ta kama, ta jawo mai kauri da ita, ta ɗaure, ta rarrafo a kanta da jakarta, leɓunanta duk sun tsattsage.

Mutane suka kewaye ta. Ta sauke jaka, ta zazzage a gaban Baba Elimas. Ganye ya bushe ƙamas, yana rugujewa a hannu. Ta tona, ta tona, ta sami reshe huɗu kacal masu sauran rai. Ta ware su, ta tura ragowar da ƙafa zuwa gaban tsohon.

"Baba, ga abincin bana. Ku raba."



Reshe huɗun nan ta dasa, kuma sun kama. Amma reshe huɗu ba sa ciyar da gari. Suka cinye aladunsu, suka koma cin ganye da saiwa. Ranar da aka tono dankalin farko, Yosina ta gasa shi, ta ba babban ɗanta. Mina ba ta kai ranar ba.

"Kaka, Gizo fa? Ya mutu a kogin?"

Ina fa, Sahura! Zarensa ya sako ya yi lilo, ya dira a ƙetare, ko ƙwarzane bai yi ba. Ya kaɗe jiki ya nufi wani garin. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Don haka ku ji ni da kyau. Abin da yake na kowa da kowa, rijiya ce, hanya ce, makiyaya ce, kada ku sakar wa mutum ɗaya don ya ce zai hutar da ku. Ranar da abin ya lalace shi zai tsere, marar laifin cikinku shi zai biya da ransa.

Kungurus, ga kan kusu nan na jefa a toka. Ku tashi ku ba ni wuri, yau ba na yin ta biyu.