Tsohon Mai Hoto da Allon da Ya Ƙi Haske

Akwai wani magidanci wanda ya yi sana'ar ɗaukar hoto tun yana saurayi. A wani ƙauye na bakin kogi aka haife shi, shi ne kuma autan uwarsa. Shekara da shekaru, ba a yin baftisma, ko ɗaurin aure, ko godiyar kaka a ƙauyen nan sai an jira ya iso a kan kekensa, na'urarsa rataye a wuya. In ya ɗaga hannu ya ce, “Kada kowa ya motsa,” har dattawan ikilisiya sai su ƙame, su riƙe numfashi.

Amma kogin ya riƙa cin gaɓa, damina bayan damina. Ya cinye ɗakin sujada na jar ƙasa, ya cinye tsamiyar da mata suke koyon waƙa a gindinta, daga bisani ya cinye gidan da aka haifi mutumin. Jama'a suka watse, kowa ya nufi inda yake da dangi. Ba abin da ya rage na ƙauyen sai hotuna. Su ma da gara da laima suka fara taɓa su, sai ya zauna ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya cikin wata kwamfuta. Shekara ashirin kwamfutar nan tana yi masa hidima, har ranar da ta mutu. Ya buɗe cikinta, ya ciro faifan da hotunan suke ciki, ya naɗe shi a tsumma mai tsabta, ya ajiye.

Mutumin yana da 'yar'uwa, yayarsa, wadda ta goya shi yana jariri. Tana zaune a wani gari mai nisa tare da 'yarta. Idanunta sun fara dushewa, likita kuwa ya faɗa mata gaskiya, cewa hasken tafiya yake yi, ba zai komo ba. Sai ta aika wa ƙanenta ta ce, “Zan zo ran Alhamis, in koma ran Litinin. Ina so in ga fuskar Inna tun ina iya gani.”

Mutumin nan mai hannu ne. Bai taɓa kai rediyonsa ko na'urarsa wurin mai gyara ba, yana kuma son a san da haka. Saboda haka ya ce ba zai sayi haɗaɗɗiyar kwamfuta ba, shi zai haɗa sabuwa da kansa. Ya shiga kasuwa ya sayo akwati, da babban farantin da kome yake zama a kansa, da ƙwaƙwalwa, da sanduna biyu na ram masu taimaka wa ƙwaƙwalwar riƙe aiki, da tukunyar wuta mai raba lantarki, da allo mai faɗi. A ƙarshe ya sayi katin hoto, wato abin da yake sa hoto ya fito tas ko a babban allo. Ya ɗaga katin nan da hannu biyu, ya ce a ransa, “Wannan na idon Yaya ne.”

Ya haɗa kome daidai, ya sa tsohon faifan a ciki, ya ɗaure kowace kusa. Ya tura akwatin ƙarƙashin tebur, bayansa na jikin bango, a gurbin tsohuwar. Sa'an nan ya miƙa hannu ta baya ya soka wayar allo a kafar da take can sama. Bai ma leƙa ba. Shekara ashirin hannunsa yana zuwa wurin nan, ya san hanya.

Ran Alhamis Yaya ta iso. Bayan ta sha ruwa, sun gaisa, sun tambayi lafiyar kowa da kowa, ya shimfiɗa mata tabarma a gaban allon, ya gaya mata har katin hoto ya saya domin idonta, ya gyara tsayuwa, ya danna maɓalli. Fanka ta juya. Wata 'yar fitila ta kama a jikin akwatin. Allon kuwa ya tsaya baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu a kusurwa mai cewa ba abin da yake iso masa.

Ya ce, “Ƙaramin abu ne, Yaya. Gobe da safe za ki gani.”

Ran Jumma'a ya zare sandunan ram, ya goge bakinsu, ya mayar da su har suka yi ƙas. Allo baƙi. Ya gwada sanda ɗaya ita kaɗai, ya canza mata gurbi, ya gwada ɗayar. Allo baƙi. Ya bi wayoyin wuta duka, ya cire, ya mayar, ya danna da ƙarfi. Ya zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo, ya jira, ya mayar. Duk sa'ad da ya gama, sai ya tura akwatin gurbinsa, ya miƙa hannu ta baya, ya soka wayar a kafar sama.

Ran Asabar ya fara raba laifi. Ya ce wayar ce, ya sayo sabuwa. Ya ce allon ne, ya aro na maƙwabci. Ya ce tukunyar wuta ce, ya mayar wa mai kanti da faɗa, aka gwada ta a gabansa, tana aiki lafiya lau, ya komo gida yana gunaguni. Ya ciro ƙwaƙwalwar, ya duba gurbinta da gilashin ƙara girma, ko wani ɗan tsinke ya lanƙwashe. Kome ƙalau. Katin hoto ne kaɗai bai zarga ba, gama ya ga ya zauna daram, fankarsa kuma tana juyawa.

Duk kwanakin nan Yaya tana zaune a tabarma a bayansa. Takan ce, “Auta, ka tuna shekarar da akuyar mai bishara ta shiga ɗakin sujada ta cinye zangarniyar da aka kawo wa Allah baiko?” Sai ya ce, “Yaya, bari in gama tukuna.” Takan fara wata tsohuwar waƙar zumuntar mata, irin ta gindin tsamiya, ta tsaya a tsakiya ko zai karɓa mata kamar dā. Ba ya karɓa. Tuwo yakan huce a kwano. Matar da ta yi tafiyar yini guda da ragowar ganinta, ƙeyar ƙanenta kawai take kallo, ita ma dishi-dishi.

Ran Lahadi suka tafi sujada tare. Ya zauna a benci, ya buɗe baki ana waƙa, amma hankalinsa yana can ƙarƙashin tebur. Da a ce an tare shi a bakin ƙofa an tambaye shi abin da aka yi wa'azi a kai, da ya sha kunya.

Da gari ya waye ran Litinin, ya gwada sau ɗaya tak, ya ga baƙin allo, sai ya ajiye sukuddireba ya zauna a ƙasa. Ya ce, “Yaya, ki gafarce ni. Ta mutu. Kayan yanzu ba albarka. Da tsohuwata ce, da tuni kin ga kowa.”

Yaya ta riga ta ɗaure kayanta, 'yarta tana hanya da mota. Ta matso a hankali, ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin. Ta ce, “Abin da ya mutu ba ya ɗumi haka. Ga shi ma tana hura mini iska.” Da yake ta saba gani da yatsu, sai hannunta ya zagaya ta baya, ya bi wayar har inda aka soka ta, ya gangara ƙasa.

Ta ce, “Auta, katin nan da ka ce ka saya domin idona, a ina yake?”

Ya ce, “Yana daga ƙasa.”

Ta ce, “To, wayar tana sama. Waɗannan 'yan marufan roba da nake ji a ƙasa fa, me suka rufe?”

Ya amsa da ɗan zafi, ya ce, “Yaya, shekara ashirin a nan sama nake sokawa.”

Ta ce, “Ai waccan ta shekara ashirin ka ce ta mutu.”

Mutumin ya matso. Ya jawo akwatin, ya juya bayansa ga hasken taga, abin da bai yi da natsuwa ba ko sau ɗaya. Ga kafofin katin hoto a jere, kowace da murfinta, yadda suka fito daga kwali. Ya ɓalle murfi ɗaya, ya zare wayar daga sama, ya soka a ƙasa. Nan take allon ya kama haske. Ashe tun ran Alhamis kwamfutar tana aiki, sai dai da yake an sa mata katin, ta kafarsa hoto yake fita, ba ta sama ba. Kwana huɗu tana kai hoto bakin wata ƙofa, ba wanda ya buɗe mata.

Ya nemo hoton Inna. Ranar godiyar kaka ce, tana ɗauke da damin dawa a ka, a gaban ɗakin sujada na jar ƙasa. Kowa a hoton ya ƙame yadda aka umarta, sai ita kaɗai take dariya, gama ta ce ɗan da ta haifa ba zai hana ta motsi ba. Yaya ta kawo fuskarta dab da allon har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta daɗe. Sa'an nan ta sa yatsa ta ce, “Ga wushiryarta.” Hawaye suka zubo musu su biyu.

Ya nuna mata tsamiya. Ya nuna mata ranar aurenta. Suna kan na bakwai sai mota ta yi ƙaho a ƙofar gida. Hotuna fiye da dubu uku suke cikin faifan nan, bakwai ta gani. Ya ce bari ya yi sauri ya ƙara mata, ta ce a'a, ya mayar mata da Inna. Ta sāke dubawa, ta ce, “Ya isa. Na gani.” Kafin damina ta kewayo, idanunta suka rufe. Mutumin kuwa bai daina baƙin cikin kwana huɗun nan ba har ƙarshen ransa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Mai hoton nan mu ne, musamman mu da furfura ta fara yi wa sallama. Ƙauyen da kogi ya cinye kwanakinmu ne na dā. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina kewarsu. Ina kewar bencin ƙasa, da ganga ɗaya tak, da tsoffin da suka san waƙa hamsin da ka ba tare da sun iya karatu ba. Ina kewar muryar mai bisharar da ya yi mini baftisma. Wannan kewa ba zunubi ba ce. Allah ne ya ba mu kwanakin nan, suna da daɗi kuwa.

Kafar sama ita ce hanyar da Ubangiji ya saba bi da mu a dā. Ta wurinta muka sami haske shekara da shekaru, hannunmu ya saba da ita, har muka daina dubawa. Katin hoto kuwa shi ne sabon alherin da ya riga ya sa a cikin gidanmu. Wataƙila ma mu muka roƙe shi da bakinmu. Ya amsa, ya ba mu, ga shi nan da murfinsa ba mu ɓalle ba, domin bai zo ta inda muke jira ba.

Ku lura da abin da mutumin ya yi da ya ga duhu. Ya zargi waya, ya zargi allo, ya zargi mai kanti, ya zargi zamani gaba ɗaya. Hannunsa kaɗai bai zarga ba. Haka muke. Mukan ce wa'azin yanzu ba gishiri, waƙar yanzu hayaniya ce, masu tasowa ba su da tsoron Allah. Wani ma yakan kai ga cewa a ransa Allah ya yi shiru. Ni kaina na yi shekara biyu ina wannan gunaguni bayan rasuwar wanda ya koya mini addu'a. Kowane mai wa'azi ya hau bagade sai in auna shi da marigayin, in ga bai kai ba, in koma gida hannu wofi. Maganar tana fitowa sarai kowace Lahadi. Ni ne na tsaya a tsohuwar ƙofa.

Yaya kuwa ita ce wanda muke ganin bai san kome ba. Ba ta san ram ba, ba ta san faranti ba, idanunta ma sun kusa tafiya. Amma ta taɓa da tawali'u, ta yi tambaya, abin da gwani bai yi ba. Sau da yawa ta bakin irin waɗannan Ubangiji yake yi mana gyara, in dai za mu haɗiye girman kai mu ji.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi yi mini ciwo. Yaya ba allo kaɗai ta zo gani ba. Ta zo ganin ƙanenta. Yana ta haƙilon nuna mata waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya juya wa mai rai baya. Da ya ajiye sukuddireba ya karɓa mata waƙar nan ta gindin tsamiya, da ƙauyensu ya komo musu cikin ɗakin, ko da allo ko babu.

Saboda haka, in ka koma gida yau, kada ka fara da cewa abin ya mutu. Ka ɗora hannu ka ji ko da sauran ɗumi. Ka juya akwatin ga haske, ka dubi inda ka soka wayarka, ka roƙi Ubangiji ya nuna maka ƙofar da ya buɗe maka a wannan shekara. In kuwa akwai wani a gidanka da yake zaune a bayanka yana jira ka juyo, to, ka juyo yau. Ba ka san ranar da motarsa za ta yi ƙaho a ƙofar gida ba.