Baba Jatau da Hanyar Banɗaki

Ku matso ku ji, in na gama ku raba mini wannan gardama, don ni kam ta gagare ni.

Baba Jatau tsohon masaƙi ne, mutum mai tsananin kunya. Da ƙafafunsa suka yi rauni, sai ya kasa kai kansa banɗaki. 'Ya'yansa maza suna wurin nema da rana, surukarsa ce kaɗai a gida, ita ke kawo masa fo. Abin ya yi wa tsoho ciwo ƙwarai, sai ya daina cin abinci, ruwa ma leɓe kawai yake jiƙawa, don kada buƙata ta taso. Aka yi lallashin duniya, ya ce, "Ku ƙyale ni. Matar ɗana ba za ta riƙa kwashe ƙazantata ba." Haka ya yi ta ƙanjamewa a kan gado.

Babban ɗansa Sallau, mai walda, ya kafa ƙarfen dafawa a jikin bango, tun daga bakin gado har cikin banɗaki.

Ƙanensa Tanimu, magini, ya ga dokin ƙofa ya fi ƙarfin ƙafar tsoho. Ya fasa shi, ya shafe hanyar da siminti sumul, ya gina masa mazauni a kan masai, tunda ba ya iya tsuguno.

Duk da haka Baba ya ƙi tashi. Autarsu Asabe da ta zo daga gidan mijinta ita ta gano dalili: banɗakin labulen buhu kawai gare shi. Ta sa aka yi ƙofar kwano mai sakata ta ciki.

Ran nan tsoho ya je da kansa ya dawo, ya ce a dama masa fura. Wallahi har dariya ya yi.

Da damina ta faɗi, wata safiya bayan an sha ruwa, ya bi ƙarfen ya shiga, ya danna sakata. Simintin ya yi santsi. Surukar ta ji faɗuwarsa, ta ji nishinsa, ta tura ƙofa ta ƙi buɗuwa. Kafin ta kirawo maza su ɓalle ta, rai ya yi halinsa.

Yanzu gidan ba mai iya kallon idon ɗan'uwansa. Sallau ya ce ƙarfensa ne ya kai uban nasu can. Tanimu ya ce simintinsa ne ya kayar da shi. Asabe ta ce sakatarta ce ta hana a cece shi, har yau kuka take. Da ɗayansu ya naɗe hannu kuwa, da yunwa ta kashe tsohon tun bazara.

To, alhakin ran Baba Jatau, a wuyan wane ne cikinsu za ku rataya shi?