Diyyar Dutsen Maikurciya

An ce wani sarki ya rasa dutse ya sami hankali, wata mata kuwa ta rasa miji ta sami hanya. Ga yadda aka yi.

Dutsen Maikurciya ba a sare itacensa, ba a farauta a kansa, can mutane ke hawa roƙon ruwa tun kaka da kakanni. Sai sarki ya sa alƙali ya yanke hukunci cewa dutsen nasa ne, tunda a ƙasarsa yake. Aka girke dogarai a bakin hanya, ba mai hawa sai ya ba da rago. Ga damina ta yi jinkiri, shuka na ƙonewa, talaka ba rago.

Akwai wata mai sayar da daddawa, Tabawa, wadda wani ɓangare na dutsen ya ɓalle ya gangaro ya kashe mata miji, Na'Allah. Ta je fada ta durƙusa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Ta ce, "Ya sarki, na zo barka ne. Na daɗe ina cigiyar mai dutsen nan."

Sarki ya ji daɗi, ya ce ai ga shi gabanta. Ta tambaye shi, idan saniya ta shiga gonar mutum, wa ke biyan ɓarna? Ya ce mai saniya.

"To, dutsenka ya kashe mini miji. Biya ni."

Waziri ya yi caraf ya ce wannan ƙaddara ce, ikon Allah ne. Tabawa ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ya sarki, ran karɓar rago naka ne, ran kisa na Allah ne? Zaɓi ɗaya."

Sarki ya ga in ya ce nasa ne, duk wanda kurar dutsen ta taɓa ci wa akuya zai kwana a ƙofarsa. Sai ya yi mata tayin shanu don ta bar maganar, ta ce albarka. Ya ƙara da gona mai fadama, ta ce albarka, Na'Allah ba kayan gwanjo ba ne.

Sarki ya daɗe yana shafar gemu, sannan ya ce, "Wanda ya ce saniya tasa ce ran tatsa, tasa ce ran ɓarna. Dutse na Mai shi ne. Faɗi kuɗinki, Iya."

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta.

"A kwashe dogarai daga hanya yau, a mayar wa kowa ragonsa. A haka na sallama, kuma wallahi ka sayi araha."